Minti Goma na Sallah: Rikicin Ma'aikata 'Yan Somaliya da Amazon a Shakopee

A watan Disamba rana na faɗuwa a jihar Minnesota ta Amurka tun wajen ƙarfe 4:30 na yamma. Musulmin da ya kama aikin rana na awa goma a katafaren siton Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, da ke garin Shakopee, Azahar da La'asar da Magariba duk a bakin aiki za su riske shi, kuma a jere, kusa da kusa. Kamfanin bai taɓa fitowa ya ce an hana sallah ba. Matsayinsa a shekarar 2018, kamar yadda mai magana da yawunsa ta shaida wa 'yan jarida, shi ne: wanda ya tafi sallah ya dawo cikin minti 20 za a biya shi kuɗin wannan lokaci, amma adadin kayan da ake jira daga hannunsa yana nan yadda yake. Wanda ke son a rage masa adadin sai ya nemi hutun da ya wuce minti 20, shi kuma ba a biyan sa.

A ji a baki, kamar an yi adalci. Amma a zauna a yi lissafi. Wata ma'aikaciya a wurin ta faɗa wa jaridar New York Times a wannan shekarar cewa ana bukatar ta haɗa kaya 230 a kowace awa. Kaya ɗaya a cikin sakan 15 da ɗoriya ke nan. Idan ta cire minti goma ta yi alwala, ta taka zuwa inda ake sallah, ta yi raka'a huɗu, ta dawo, to a sauran minti 50 sai ta riƙa gama kowane kaya a sakan 13 kafin ta cike giɓin. Ginin kuwa faɗinsa ya haura murabba'in ƙafa 800,000, ya fi filin ƙwallo goma, don haka tafiyar kaɗai tana iya cinye rabin mintocin. An ba ta izinin sallah, sai dai da jikinta za ta biya. A kan waɗannan mintoci aka shafe shekaru ana ja-in-ja a Shakopee, har maganar ta kai zauren majalisar dokokin jihar.

Yadda suka zo wurin

Amazon ta buɗe siton Shakopee, wanda take kira MSP1, a 2016, kimanin kilomita 40 kudu maso yamma da birnin Minneapolis. A lokacin marasa aikin yi sun yi ƙaranci a yankin, kamfanoni na rububin leburori. Sai ta juya ga al'ummar Somaliya. Minnesota ce jihar da ta fi kowace yawan 'yan asalin Somaliya a Amurka. Sun fara zuwa ne bayan rushewar gwamnatin Siad Barre a 1991, da yawansu bayan sun yi shekaru a sansanonin Dadaab da Kakuma a Kenya. Kamfanin ya shiga unguwar Cedar-Riverside, wadda ake wa laƙabi da ƙaramar Mogadishu, yana ɗibar ma'aikata, har ya sa motocin bas suna kwasar su daga unguwar zuwa bakin sito. Aikin ba ya bukatar Turanci mai yawa ko takardar makaranta, kuma ga inshorar lafiya. Ga uwar da ke riƙe da 'ya'ya a nan, tana kuma aika kuɗi gida duk wata, wannan ba abin rainawa ba ne. Kafin a jima, kusan kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan wurin 'yan gabashin Afirka ne, Somaliyawa da Oromo da sauransu, akasarinsu Musulmi.

Da aka cika sito da hannaye, sai a ƙarshen 2017 kamfanin ya janye motocin da ke zuwa unguwar kai tsaye. Wannan ne ya fara haɗa kan mutane, suka rubuta takardar koke suka bi ana sa hannu. A daidai lokacin aka kafa wata cibiyar ma'aikata mai suna Awood, kalmar da ke nufin ƙarfi da iko a harshen Somaliya, Abdirahman Muse na shugabantarta, da tallafin ƙungiyar ƙwadago ta SEIU da reshen Minnesota na ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta CAIR. Awood ba ƙungiyar ƙwadago ba ce a idon doka, ba ta da hurumin ƙulla yarjejeniyar albashi da kowa. Abin da take da shi harshe ne da zumunci. Mutanen da ke aiki a layi ɗaya su ne ke haɗuwa a masallaci ɗaya, a shagon shayi ɗaya, a motar haya ɗaya. Maganar da manaja bai ji ba, an riga an gama ta a wayar salula tun daren jiya.

Ogan da ba shi da fuska

Don a gane abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, sai an tsaya a inda ma'aikaci ke tsayawa. A 2012 Amazon ta sayi kamfanin Kiva a kan dala miliyan 775. Shi ke ƙera wasu injuna gajeru masu tafiya da kansu, waɗanda ke shiga ƙarƙashin kantar kaya su ɗaga ta su kawo gaban mutum. Shakopee na cikin sitocin da aka gina da irin wannan tsari. A da ma'aikaci ne ke zagaya sito yana neman kaya, yana cin kilomitoci a rana. Yanzu yana tsaye wuri ɗaya, kanta ce ke zuwa. Kamfanin ya ce ya hutar da ƙafafun mutane, kuma da gaskiyarsa a nan. Sai dai wannan tafiyar da aka soke, a cikinta ne hannu da kafaɗa da ƙugu ke samun 'yar sararawa. Da aka cire ta, abin da ake nema daga mai zaƙulo kaya ya tashi daga kimanin 100 a awa zuwa 300, wani wurin har 400. Kanta ɗaya na matsawa, wata ta riga ta tsaya a gurbinta.

Mai jera kaya yana ɗauko abu daga kwando, ya haska lambarsa da na'ura, ya nemo gurbi a kanta, wani a ƙasa sai ya durƙusa, wani a sama sai ya hau ɗan tsani, ya saka, ya juyo. A gabansa akwai allon kwamfuta. Duk haskawa ɗaya kwamfuta na rubuta lokacinta. Daga nan ake fitar da lambobi biyu da ke riƙe da wuyan kowa. Ta farko ita ma'aikata ke kira ret, wato kaya nawa ka taɓa a awa. Ta biyu tana ƙirga mintocin da na'urarka ta yi shiru, ko bayi ka shiga, ko ruwa ka sha, ko bel ɗin da ke jigilar kaya ne ya tsaya, ko sujada kake. Ga kwamfuta duk ɗaya ne: shiru. Idan mintocin suka taru za a zo a tambaye ka ina ka shiga, idan suka yi yawa takardar gargaɗi ce, idan takardu suka taru kora ce. A 2019 jaridar intanet ta The Verge ta samo wata wasiƙar lauyan Amazon da ke bayyana cewa tsarin na iya fitar da takardar gargaɗi da ta kora da kansa, kuma a sito ɗaya a Baltimore an sallami kimanin mutum 300 saboda rashin sauri tsakanin Agustan 2017 da Satumban 2018. Kamfanin ya ce manaja na da ikon soke hukuncin na'ura.

Wanda ya taɓa aiki a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ya san oga mai tsawa. Amma oga mutum ne. Ana iya cewa da shi, "Yallaɓai, a yi haƙuri, yaro ne ba lafiya." Ana iya haɗa shi da wanda yake jin nauyi. Yana gajiya, yana mantuwa, wani lokaci yana kau da kai. A Shakopee ma'aikaciya za ta je wurin manaja, shi kuma ya nuna mata allo ya ce ba shi ya sa lambar ba. Kuma ba ƙarya yake ba, don shi ma da lambobin sashensa ake auna shi. Hukuncin da mutane suka zauna suka yanke a hedikwatar kamfanin a Seattle, cewa sauri kaza ake so, ya iso ƙasa da kamannin lissafi, kamar ba wanda ya yanke shi. A ganina nan ne babban amfanin wannan fasaha ga mai jari, fiye ma da saurin da take ƙarawa: ta ɗauke wanda za a yi gardama da shi daga gaban ma'aikaci.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun farkon ƙarni na 20 wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ke tsayawa da agogo a bayan leburori yana auna kowane motsi, yana cewa sanin yadda ake aiki ya kamata ya bar kan lebura ya koma ofis. A 1911 maƙeran ma'aikatar makamai ta Watertown suka ajiye aiki saboda an tsaya a kan ɗayansu da agogo, har majalisar dokokin Amurka ta binciki lamarin, daga baya ta hana amfani da agogon a ma'aikatun makamai na gwamnati. Bambancin shi ne mai agogon Taylor yana tashi ya tafi gida. Na Amazon a hannun ma'aikacin yake, shi da kansa ke danna shi sau ɗaruruwa a awa.

Akwai kuma wata igiya ta uku. A waɗancan shekarun, kowane ma'aikaci ana ba shi awanni 20 a duk wata uku na hutun da ba biya. Ya makara, a cire daga ciki. Yaro ya kwanta asibiti, a cire. Idan suka ƙare ya shiga bashi, ana iya korarsa. Kirsimeti ranar hutu ce ga kowa. Ranar Idi kuwa sai Musulmi ya ciro daga awanninsa, idan ya rage da saura.

Daga azumi zuwa teburi

Azumin 2018 ya faɗo daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, lokacin da yini a Minnesota ke da tsawo, mai azumi na kame baki kusan awa 17. A farkon Yuni ma'aikata a wata cibiyar rarraba kaya ta Amazon da ke Eagan, a yankin guda, suka fito fili suka koka da nauyin aiki da zafi. Tun kafin nan ana ta kai ƙorafi a Shakopee. Kamfanin ya ware wuraren sallah, ya kawo dardumai, ya yi alƙawarin sassauci a watan. A watannin Satumba da Oktoba wakilansa suka zauna da ma'aikata da mutanen Awood har sau biyu. Masu bin harkar ƙwadago suka ce wannan ne karo na farko da aka san wasu ma'aikata a Amurka sun jawo Amazon teburi. Kamfanin bai yarda da wannan suna ba, ya ce ganawa ce irin wadda yake yi da al'umma ko'ina. Ba wasa ba ne wannan musun kalma. Kamfanin da ke da dubban ɗaruruwan ma'aikata ya san cewa idan aka ji ya yi ciniki da mutum ɗari a Minnesota, gobe wasu za su ƙwanƙwasa ƙofa a wata jiha.

Abin da aka samu a zaman: ba za a kori mutum kan rashin sauri ba sai babban manaja da wani manaja mai jin Somaliyanci sun amince, za a amsa koken ma'aikaci cikin kwana biyar, kuma za a riƙa ganawa duk wata uku. A duba jerin da kyau. Dukkansu kan yadda za a zartar da hukuncin ret ne, wa zai sa hannu, da wane harshe, cikin kwana nawa. Ret ɗin kansa ba a taɓa shi ba. Darduma ba ta da tsada, ɗaki ɗaya a gini irin wannan ba ya rage komai. Mintin ma'aikaci kuwa shi ne hajar da kamfanin ya saya, kuma alƙawarin da ya yi wa mai saye cewa kaya za su iso ƙofarsa cikin kwana biyu, daga baya ma kwana ɗaya, a kan wannan minti aka gina shi.

Ma'aikatan sun gane haka, shi ya sa ba su koma gida da murna ba. Ranar 14 ga Disamban 2018, ana tsakiyar hada-hadar sayayyar Kirsimeti, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, suka yi gangami a ƙofar siton. Ilhan Omar, 'yar asalin Somaliya wadda aka zaɓa zuwa majalisar wakilan Amurka wata guda kafin nan, ta tsaya tare da su ta yi jawabi. Da taron ya nufi ƙofar ginin sai aka kira 'yan sanda. A Maris na 2019 wasu masu jera kaya a aikin dare suka ajiye aiki na awa uku. A Mayu ƙungiyar lauyoyi ta Muslim Advocates ta shigar da ƙorafi gaban hukumar tarayya mai kula da daidaito a wurin aiki a madadin mata uku 'yan Somaliya, waɗanda suka ce suna tsoron tafiya sallah ko bayi don kada ret ɗinsu ya faɗi, kuma an bi su da takura bayan gangamin Disamba.

Sai ranar 15 ga Yulin 2019, ranar babbar garaɓasar Prime Day, aka kira yajin aiki na awa shida. Labarin ya zagaya duniya, wasu injiniyoyin kamfanin ma suka taso daga Seattle don mara baya. Amma a faɗi gaskiya, waɗanda suka fito daga cikin ginin ba su da yawa. Masu shiryawa sun sa ran mutum ɗari, kamfanin ya ce kimanin 15 ne suka fita, kuma ko an ninka lissafinsa bai kai abin da aka yi fata ba. Kaya ba su tsaya ba. Ma'aikata sun ce an tunatar da su cewa duk awar da suka yi a waje daga cikin awanni 20 ɗin nan za a cire ta. Ba na ganin laifin wanda ya tsaya a bakin aikinsa ranar. Mace mai 'ya'ya huɗu da awa uku kacal a ma'ajinta, gaba kura ce baya sayaki. Ko da an rufe Shakopee ɗungurum, kwamfutar da ke raba oda tana iya karkatar da ita zuwa wani sito a wata jiha cikin ƙiftawar ido. Yajin aikin sito ɗaya ba ya shaƙe irin wannan kamfani yadda yajin masaƙa ɗaya ke shaƙe mai masaƙa.

Akwai kuma saurin canjin ma'aikata. Binciken New York Times na 2021 ya gano cewa tun kafin annobar korona, yawan masu barin sitocin Amazon a shekara ya kai kusan kashi 150 cikin ɗari na adadin ma'aikatan. Wanda ka shafe wata uku kana lallashi ya sa hannu a takarda, kafin wata na huɗu ya tafi, ko an kore shi, ko bayansa ya gaza. Abin da ya bambanta Shakopee shi ne ko mutum ya bar sito bai bar unguwa ba. Ƙanwarsa ko maƙwabcinsa ne zai maye gurbinsa, kuma ya shigo da labarin a kunnensa. Shi ya sa wutar ba ta mutu ba: an sake fita a Afrilun 2020 kan kariya daga korona da korar wasu masu magana, an kuma fita a ƙarshen Afrilun 2022, ana gab da Ƙaramar Sallah, kan albashi da hutun Idi.

Jiki ya ba da shaida

Abin da ya juya akalar maganar daga ƙarshe shi ne rauni. Dokar Amurka ta tilasta wa kamfanoni rubuta raunukan da aka ji a bakin aiki, kuma waɗannan lambobi ne da ba kamfanin kaɗai ke riƙe da su ba. A 2020 kafar bincike ta Reveal ta samo bayanan cikin gida da suka nuna munanan raunuka sun fi yawa da kusan rabi a sitocin da ke da injunan nan, idan aka gwada da waɗanda ba su da su. A Disamban 2021 cibiyar nazarin dokokin ƙwadago ta NELP ta fitar da rahoto kan Minnesota: daga 2018 zuwa 2020, kusan ma'aikaci ɗaya cikin tara a sitocin Amazon na jihar yana jin rauni a shekara, fiye da ninki biyu na sauran sitoci. Yawanci ba injin ne ke datse hannu ba. Kafaɗa ce, da wuyan hannu, da gwiwa, da gadon baya, abin da maimaita motsi ɗaya sau dubbai a yini ke jawowa. Shi kansa Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, a wasiƙarsa ga masu hannun jari a Afrilun 2021, ya amsa cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na raunukan kamfanin irin waɗannan ne. A watan Yunin shekarar kamfanin ya ce zai riƙa auna mintocin shiru a kan lokaci mai tsawo maimakon kama mutum da laifin yini ɗaya.

Da wannan hujja matan Shakopee, da hijabansu da tafinta a gefe, suka riƙa zuwa majalisar jiha a St. Paul suna ba da bahasi. California ta riga ta yi dokar adadin aiki a sitoci a 2021, New York ta bi a ƙarshen 2022. A Mayun 2023 Gwamna Tim Walz ya sa hannu a ta Minnesota, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta. Ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 250 a sito ɗaya ko 1,000 a faɗin jihar. Dole a ba ma'aikaci bayanin duk adadin da ake auna shi da shi a rubuce, cikin harshen da ya fi ji. Yana da haƙƙin ya nemi bayanan saurinsa da kwamfuta ta tara. Idan raunuka a sito suka zarce na sauran masana'antar da kashi 30 cikin ɗari, hukuma za ta shigo bincike. Sannan ga layin da ya fito kai tsaye daga bakin waɗannan mata: ba a yarda a ɗora wa mutum adadin da zai hana shi cin abinci, ko hutawa, ko zuwa bayi, ko yin sallah ba. Shekara biyar bayan an ce musu ku je ku yi sallah amma lamba tana nan, doka ta ce lambar ce za ta matsa.

Amsar Amazon ita ce ba ta da wani tsayayyen adadi tun asali. Ta ce tana gwada kowane ma'aikaci ne da takwarorinsa a sito ɗaya, waɗanda suka faɗa can ƙasan jeri su ake yi wa magana. Ga ma'aikaci wannan ya fi tsayayyen adadi muni, don layin da zai tsallake yana motsi: idan kowa ya ƙara sauri don gudun ƙasan jeri, ƙasan jerin ma ya hau sama, kuma kullum sai an sami na ƙarshe. Ga lauya kuwa mafita ce, tunda abin da ba ka da shi ba za a ce ka rubuta shi ka bayar ba.

Hukumomi ba su karɓi wannan bayani ba. A Yunin 2024 California ta ci kamfanin tarar dala miliyan 5.9 kan sitoci biyu, a Moreno Valley da Redlands, saboda rashin bayyana adadi a rubuce. Kafin nan, a Afrilu, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Minnesota, bayan ta binciki siton Shakopee, ta same shi da laifin barin ma'aikata cikin haɗarin raunin gaɓoɓi da kuma rashin ba su adadin a rubuce kamar yadda sabuwar doka ta ce. Tarar ta kama dala 10,500. Cinikin Amazon a 2023 ya kai dala biliyan 574, wato sama da dala 18,000 a kowane sakan. Kamfanin ya ƙi amincewa da hukuncin, ya ɗaukaka ƙara.